Yadda ake ceto fayiloli idan disik dur na kwamfutar hannu ya lalace

Disik dur ɗin da ya fara mutuwa ba ya farfaɗowa, kuma duk mintin da ya ƙara yana juyi, ɓarnar gaba take yi. Shi ya sa tsarin aikin ba ya canzawa: a kashe kwamfuta, a gano irin matsalar, a kwafe abin da ke ciki zuwa wani disik mai lafiya, sannan a zo kan gyara. Sau da yawa ba lalacewar farko ce ke cinye memuwar ɗin (kundin kammala karatu) ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ko lissafin ɗan kasuwa ba. Abin da aka yi bayanta ne: an yi ta kunnawa ana kashewa, an bar Windows ta kwana tana gyaran kanta, ko mai gyara ya ɗora sabuwar Windows a kai don mai kaya na sauri.

Minti biyar na farko

Idan kwamfutar ta fara ƙara "kas, kas, kas", ko ta tsaya cak a tambarin Windows, ko dosiye guda na cin minti biyar kafin ya buɗe, danne maɓallin kunnawa ka riƙe daƙiƙa 10 har ta mutu. Kada ka bi hanyar kashewa ta ƙa'ida, domin Windows na rubuce-rubuce a disik kafin ta rufe. Cire caja, in batirin mai fita ne shi ma ka zare shi.

Kada ka bar "Réparation automatique" ta yi ta zagaye. Kada ka yi chkdsk, ko da wa ya ba ka shawarar. Aikin chkdsk shi ne daidaita rajistar fayiloli, ba ceto su ba; abin da ya kasa karantawa sai ya yanke shi ya watsar a dosiyen found.000, ga shi kuma yana tilasta wa disik mai rauni bin kowane lungu nasa. In allo ya nuna "Vous devez formater le disque", amsar ita ce "Annuler". Kada ka sauke wata manhaja a kan disik ɗin da kake neman abu a cikinsa, saboda sabon abu na iya sauka daidai inda tsohon yake kwance.

Batun sa disik a firigo kuwa, a bar shi. Da an fito da shi cikin zafin garin nan raɓa za ta taru a kan faifansa. Haka ma bugunsa da hannu.

Dalilin wannan tsantseni yana cikin yadda aka ƙera shi. A ciki akwai faifai ɗaya ko biyu masu juyi sau 5400 a minti, wato 90 a daƙiƙa, wasu ma 7200. Allurar da ke karatu ba ta taɓa faifan, iskar juyin ce ke ɗauke da ita a tazarar ƴan nanomita, alhali kaurin silin gashi ya kai nanomita dubu 50 zuwa dubu 100. Kwamfuta ta faɗo daga benci tana kunne, ko an rufe murfi an hau kabu-kabu da ita kafin faifan ya tsaya, allura ta gogi faifai. Wurin da ta goga ya zama gari, garin kuma ya bazu ya ƙara gogar wasu wurare. Kowace kunnawa ƙarin gari ce.

Tabbatar disik ɗin ne

Ba duk kwamfutar da ta ƙi tashi ce disik ɗinta ya lalace ba. Kunna ta sau ɗaya tak, ka shiga BIOS, allon saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, nan take: F10 a HP, F2 a Dell, Acer da Asus, F1 a ThinkPad. Kara kunnenka kusa da inda tafin hannu ke zama, don a nan disik ya fi kasancewa, ka bambanta ƙararsa da ta fanka.

Duba kwanan wata a BIOS. In ya koma shekarun baya, ƙaramin batirin katmer (babban katin da komai na kwamfuta ke jone a kai), CR2032 a yawancinsu, ya mutu, kuma mai yiwuwa tsarin tashi ya sauya tsakanin UEFI da Legacy. Mayar da shi yadda yake, kwamfuta ta tashi. In BIOS bai ga disik ba sam kuma babu wata ƙara, wataƙila girgiza ce ta kwance shi daga soket. A zare a mayar. Saƙon 3F0 a HP yana nufin ba a ga abin tashi ba ne kawai, bai yanke hukuncin mutuwar disik ba. Amma 301 a HP, ko 2000-0142 a Dell, disik ne da kansa ya faɗi gwaji.

Abin da kunne ya ji shi ke raba hanya. Ƙwanƙwasa a jere sannan juyi ya tsaya, allura ce ta lalace. Ƴar ƙara "tiit, tiit" ba tare da juyi ba, allura ta manne a faifai, ko injin juyin ya cije. Ƙarar gurza, faifai ake ci. Duk ukun nan babu manhajar da ke maganinsu. Kashe, ka duba sashen da ke maganar ƙwararru a ƙasa. In kuwa yana juyi lafiya, BIOS ya ga sunansa da girmansa daidai, to aiki ne da za ka iya da kanka.

Kayan da za a tanada

Na farko disik na waje mai lafiya, wanda ya ninka na mara lafiyar: 1 TB don disik mai 500 GB, 2 TB don mai 1 TB. Rabi na hoton disik, wato cikakken kwafinsa a fayil guda, rabi na fayilolin da za a ciro. Ya kasance NTFS ko exFAT, domin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai 4 GB. A zaɓi ƙarami mai inci 2.5 da ke shan wuta daga USB, ba babba mai cajarsa daban ba: in an ɗauke kuran ana tsakar aiki, batirin kwamfuta zai riƙe ƙaramin, babban kuwa ya mutu nan take.

Na biyu kile USB mai 4 GB ko 8 GB. A wata kwamfutar, sauke SystemRescue, tsarin Linux mai tashin kwamfuta ba tare da Windows ba, wanda girmansa wajen 1 GB ne, ka ɗora shi a kile da Rufus ko Ventoy. Ya fi Ubuntu dacewa saboda bai kai shi cin data ba, kuma ddrescue, TestDisk, PhotoRec da smartctl duk suna ciki, ba sai an nemi intanet ana cikin aiki ba.

Na uku wuta tsayayya: batir mai riƙewa, ko ondilar, ko wurin mai sola. Sai fankar tebur. A watannin Afrilu da Mayu ɗaki na wuce digiri 40, disik mai aiki ba hutawa ya ƙara nasa zafin, kuma iyakar yawancinsu 60 ne. A yi ƙoƙari kada ya wuce 50.

A bar shi a ciki ko a ciro shi

In kwamfutar na kunnuwa, bar disik ɗin a mazauninsa ka tashe ta daga kile. Wannan ya fi, domin soket ɗin SATA na ciki ya fi buwatiyen USB (akwatin da ake sa disik a jona shi ta USB) jure wuraren da suka lalace. Buwatiye mai araha da ya ci karo da irin wurin sai ya sandare ko ya ɓace gaba ɗaya.

Sai in katmer ce ta mutu, ko ruwa ya shige ta, za a ciro shi. Ana buƙatar turnabis mai giciye PH0 ko PH1, wasu kwamfutocin kuma Torx T5. Cire caja da batir, danne maɓallin kunnawa daƙiƙa 15. A hunturu jiki na tara lantarki, don haka taɓa ƙarfen ƙofa ko famfo kafin ka sa hannu ciki. In batirin na ciki ne, fulogonsa za ka fara zarewa daga katmer. Disik ana zame shi ne a kwance, ba a ɗaga shi sama ba. Masu siririyar igiya kuma a ɗaga ɗan makullin kafin a ja. Riƙe shi ta gefe. Disik mai inci 2.5 bolt 5 yake sha, USB ya ishe shi, amma USB 2.0 na ba da 500 mA ne kawai, USB 3.0 mai shuɗin baki 900 mA. Ƙarancin wuta na sa lafiyayyen disik ma ya yi ƙwanƙwasa, saboda haka a sa shi a shuɗin baki kai tsaye da gajeriyar igiya, ba ta mahaɗa mai baki da yawa ba.

Abu guda kuma: kada a jona disik mai rauni a Windows. Da ganinsa za ta fara lissafa fayiloli, antibirus ya bi kowanne, ta ƙirƙiri ƙananan hotuna, ta yi rubutu a kai ba tare da ta tambayi kowa ba.

Tashi daga kile

Sa kile, kunna, danna maɓallin zaɓen abin tashi: F9 a HP, F12 a Dell, Lenovo, Acer da Toshiba, Esc a Asus. In ta ƙi, kashe Secure Boot a BIOS. Baƙin allo zai fito yana jiran umarni. Kwamfutoci da yawa a nan maɓallan rubutunsu tsarin Faransa ne, AZERTY, shi kuwa SystemRescue da tsarin Amurka yake tashi, don haka fara da

setkmap fr

In ba haka ba za ka danna a, q ya fito. Jona disik na waje, ka rubuta

lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL

Nan ne wurin da ya fi kowane haɗari. Ɗauki biro ka rubuta wanne ne mara lafiya, wanne ne sabo, ta hanyar suna da girma. Mai 500 GB zai nuna 465.8G, mai 1 TB 931.5G. A misalan nan mara lafiya shi ne sda, sabo sdc, amma naka na iya bambanta, kuma haruffan na canzawa in an sake kunnawa. Duk lokacin da ka tashe ta, sake dubawa.

Yanzu tambayi disik halin da yake ciki:

smartctl -a /dev/sda

In ta buwatiye yake, ƙara -d sat. Layi huɗu za ka duba, a ginshiƙin ƙarshe. Lamba 5, wuraren da suka mutu aka sauya su. Lamba 197, waɗanda suka ƙi karantuwa suna jiran hukunci. Lamba 198, waɗanda suka gagara. Lafiyayyen disik sifili yake nunawa a duk ukun, kuma 197 ya fi tayar da hankali, don akwai bayanai a ƙarƙashinsa. Lamba 199 kaɗai in ta hau, igiya ce ko soket, ba faifai ba. Kada kalmar "PASSED" ta ruɗe ka. Disik na iya nuna ta yana da ɗaruruwan wurare matattu. Kuma kada ka sa shi doguwar jarrabawa, ƙarfin da ya rage masa na kwafa ne.

Ɗan abin da ya fi komai muhimmanci

Ƙwararru na cewa a ɗauki hoton disik kafin a taɓa komai, kuma gaskiyarsu. Amma in abin da ke hana ka barci fayil uku ne na Word da Excel waɗanda ba su kai 20 MB ba, ya dace a fizge su tukuna, muddin disik ba ya ƙara. Buɗe shi ta yadda ba za a iya rubutu a kai ba:

mkdir /mnt/tsoho /mnt/sabo
mount /dev/sdc1 /mnt/sabo
mount -o ro /dev/sda3 /mnt/tsoho

Sashen Windows shi ne mafi girma a jerin lsblk, sau da yawa sda3 ko sda2. Rubuta startx, allo mai linzami zai fito. Fayiloli na cikin Users, sai sunan mai kwamfuta, sai Desktop, Documents, Pictures da Downloads. Ko da Windows ɗin ta Faransanci ce, a nan da waɗannan sunaye za ka gan su. Mai lissafi da Sage ya nemi masu ƙarewa da .mae da .gcm. Ba wa kanka minti goma. In mount ya ƙi, ko kwafa ta tsaya, kada ka nace: umount /mnt/tsoho, ka wuce gaba.

Ɗaukar hoton disik

Wannan shi ne zuciyar aikin. Kwafa ta yau da kullum in ta iske wuri matacce sai ta tsaya tana ta maimaitawa har disik ya ƙarasa. GNU ddrescue, wanda Antonio Diaz Diaz ya rubuta, yi yake kamar mai tsame kaya daga ɗakin da ya kama wuta: abin da ke kusa da hannu tukuna, mai wuya daga baya. Yana kuma rubuta taswirar inda ya karanta da inda ya tsallake, shi ya sa in wuta ta yanke zai ɗora daga inda ya tsaya.

Zagaye na farko:

ddrescue -n /dev/sda /mnt/sabo/hoto.img /mnt/sabo/taswira.map

Jerin ba ya sauyawa: mara lafiya, sai hoto, sai taswira. Lura sda ne ba tare da lamba ba, wato disik ɗin gaba ɗaya. Alamar -n na hana shi tsayawa kankare wuraren da suka lalace. Kada ka taɓa barin taswira, kuma kada ka ajiye ta a ƙwaƙwalwar SystemRescue, don da an kashe ta tafi. In ddrescue ya nemi ka ƙara -f, dakata: yana gaya maka ne za ka rubuta kai tsaye a kan wani disik, kuma a nan ne ake juya jeri a shafe abin da aka zo ceto.

Lafiyayyen 500 GB ta USB 3.0 na cin awa ɗaya da rabi zuwa biyu, ta USB 2.0 kusan awa biyar. Mai rauni na iya kwana, har kwanaki. Sa ido a kan "pct rescued" da saurin karatu. In sauri na hawa yana sauka a tsari, misali ya yi gudu na ɗan lokaci sannan ya yi rarrafe, ya sake gudu, alama ce allura ɗaya ta raunana, sauran na aiki. Bar zagayen farko ya gama kwashe rabon masu lafiyar. In ya liƙe wuri ɗaya fiye da minti 15, danna Ctrl da C, ka sake umarnin tare da -R don ya faro daga ƙarshe. In disik ya ɓace daga lsblk, kashe kwamfutar, bar ta ta huce rabin awa, ka ci gaba da taswirar nan dai. In ya fara ƙwanƙwasa, tsaya nan take.

Zagaye na biyu, don ragowar:

ddrescue -d -r1 /dev/sda /mnt/sabo/hoto.img /mnt/sabo/taswira.map

Wasu na sa -r3 ko fiye. A ganinmu sau ɗaya ya isa a fara da shi, kuma in zagayen farko ya ba da 99.9, gara a je a duba ko abin da ake nema ya fito kafin a ƙara wahalar da disik. Kashi 0.1 na 500 GB shi ne 500 MB, kuma yana iya faɗawa a kan fayilolin Windows da ba ka bukata ko a wurin da ba komai.

Da an gama, rubuta umount /mnt/sabo kafin ka zare komai. Daga nan disik mai ciwo ya huta a aljihun tebur, sauran aiki a kan hoto ne.

Ciro fayiloli daga hoto

Sake buɗe /mnt/sabo da mount kamar ɗazu, ka fara da hanya mai sauƙi:

losetup -r -P -f --show /mnt/sabo/hoto.img

Zai ba ka suna, misali /dev/loop1. Sai mount -o ro /dev/loop1p3 /mnt/tsoho, ka kwafe dosiyoyi da sunayensu zuwa /mnt/sabo. Wanda ya fi sabawa da Windows na iya buɗe hoton da OSFMount ko DMDE. DMDE na kyauta na ciro fayil har 4000 daga dosiye ɗaya a kowace ɗiba. Mai kwafa a Windows ya yi amfani da robocopy tare da /E /R:0 /W:0 /XJ, domin in ba a hana shi ba, sau miliyan yake sake gwada fayil da ya ƙi, yana jiran daƙiƙa 30 a tsakani.

In sashen ya ƙi buɗewa ko ya koma RAW, wato ba a gane tsarinsa, sai TestDisk na Christophe Grenier: testdisk /mnt/sabo/hoto.img. Karɓi nau'in teburin da ya gano da kansa, EFI GPT a sababbi, Intel a tsofaffi. Zaɓi "Analyse", sai "Quick Search". Hau kan sashen, danna P, fayiloli su bayyana. Alamar : na zaɓen ɗaya ɗaya, a na zaɓen duka, babban C na kwafa. Ba ka da bukatar "Write". Kwafa kawai ka zo yi.

PhotoRec shi ne na ƙarshe, in rajistar NTFS ta rushe. Ba ya duba rajista, yana bin hoton ne yana gane fayil ta alamar da ke farkonsa. Yana ciro abu da yawa, amma babu suna babu dosiye: f1234567.jpg da ire-irensa, 500 a kowane recup_dir. Kafin ka fara, shiga "File Opt", danna s ka cire duka, ka zaɓi abin da kake so kaɗai, in ba haka ba dubban tarkacen intanet za su binne ka. Tarkon da ke nan: docx da xlsx a ƙarƙashin zip suke, tsofaffin doc da xls a ƙarƙashin doc. Wanda ya cire zip ya cire memuwar ɗinsa. Manyan bidiyo da fayilolin da suka warwatsu a faifai sukan fito a karye. Bayan ya gama, jera su bisa girma. Hotunan gaske sukan wuce 200 KB.

In disik lafiyarsa lau, share aka yi

Fayil da aka share a disik mai faifai yana nan, alamar "babu kowa" kawai aka sa wa wurinsa, har sai wani abu ya sauka a kai. Kashe kwamfutar, tashe ta daga kile, TestDisk, "Advanced", "Undelete". Ko a ciro disik a jona a wata kwamfuta a bi shi da Recuva: kore na da kyakkyawan fata, ja an riga an rubuta a kansa. Abin da aka ceto a wani disik ake ajiye shi.

Format na sauri rajista kawai yake sabuntawa, ana samun abu da yawa bayansa. Cikakken format, tun daga Windows Vista, sifili yake rubutawa a ko'ina, babu abin da ke saura. In an ɗora sabuwar Windows, ta hau kan gigabait 20 ko fiye, amma ragowar na iya fitowa da DMDE ko PhotoRec in an daina amfani da kwamfutar da wuri.

Wani lokaci ma ba abin da ya ɓata. Birus ɗin da ake kwasowa a sibar da wuraren buga takardu yana ɓoye dosiyoyi ya bar gajerun hanyoyi a madadinsu. In girman abin da ke cikin kile ko disik bai ragu ba, buɗe cmd ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* tare da harafin naka, kuma kada ka danna gajerun hanyoyin.

BitLocker da SSD

In hoton ya fito amma lsblk -f ya nuna BitLocker, wato kullen da Windows ke yi wa disik, sai da mabuɗi mai lamba 48. Sababbin kwamfutoci masu Windows 11 na kulle disik da kansu, mai ita bai ma sani ba. Mabuɗin na cikin asusun Microsoft da aka fara shiga kwamfutar da shi, a account.microsoft.com/devices/recoverykey, ta ofis kuwa a tambayi mai kula da kwamfutocin wurin. Wanda ya sayi ta hannu kuma wani ya saita masa ita a shago, ya binciki asusun wa aka sa tun yau. Babu mabuɗi, babu fayil, PhotoRec ma shirme zai gani.

SSD ba shi da faifai, ba ya ƙara, mutuwarsa sau da yawa farat ɗaya ce. In har ana ganinsa, a ɗauki hotonsa yanzu da ddrescue. Na NVMe sunansa nvme0n1. Akwai M.2 iri biyu masu kama da juna, SATA mai tsaga biyu da NVMe mai tsaga ɗaya a yawancinsu, kuma buwatiyen ɗaya ba lallai ya karanta ɗayan ba. Abin da aka share a SSD kuwa da wuya ya dawo, saboda umarnin TRIM na sa shi goge wurin cikin ɗan lokaci. Ƙananan kwamfutoci masu 32 GB ko 64 GB eMMC ne a liƙe da katmer, dole sai an gyara katmer ɗin kafin a kai ga bayanan.

Inda aikin ya wuce teburin gida

Disik mai ƙwanƙwasa, mai "tiit", wanda ya faɗi ƙasa, ko wanda BIOS ke nuna girmansa 0, aikin masu ɗaki ne marar ƙura, da allurar wani disik irinsa sak, da na'ura irin PC-3000. Buɗe murfinsa a shago cikin ƙurar hunturu ƙarasa shi ne. Sirara masu kauri 7 mm na Seagate, irin ST1000LM035, ba sa jure nacin kunnawa bayan faɗuwa.

Wanda ya yi shiru sam, ko yake warin ƙuna bayan caja marar kyau, wataƙila katin lantarkin da ke bayansa ne. Wani sa'in ɗan diyod ne na kariya a layin bolt 5 ya ƙone, mai gyaran waya da ya iya awo zai gano shi. Sauya katin da na wani disik ba ya aiki sai an ɗauko guntun ROM mai ƙafa takwas daga tsohon an liƙa a sabon, domin saitin allurar wannan disik ɗin kaɗai ke ciki. Kada a yar da tsohon kati.

Kafin ka miƙa wa kowa, faɗa masa ƙarara: fayiloli nake so, ba kwamfuta mai tashi ba, kada a yi format, kada a ɗora Windows. Tambaye shi ko hoto zai fara ɗauka, da wace manhaja, kuma a ina zai ajiye. In ya ce zai buɗe ya duba, karɓi kayanka. Rubuta lambar siriyal ɗin disik, ku yi ciniki a kan abin da ya fito, ka ga jerin fayiloli kafin ka biya. Ka tuna zai iya ganin komai na ciki, hotunan iyali da takardun kuɗi.

Kafin kuma ka kashe kuɗi, duba abin da ka taɓa aikawa ta Gmail da WhatsApp, kile ɗin abokai, malamin da ke duba aikinka, da kwamfutar wurin da aka buga maka takarda. Kwafin makon jiya ya fi babu.

Bayan an ceto

Ganin sunan fayil ba shaida ba ce. Buɗe muhimman ɗaya bayan ɗaya: gangara har shafin ƙarshe na Word, duba kowane shafi na Excel, tsallaka tsakiyar bidiyo. Hoton da rabinsa ya yi toka ya faɗa a wuri matacce. Word da ya ƙi buɗewa a gwada shi da "Ouvrir et réparer" ko da LibreOffice. Docx kuma zip ne, in ka sauya ƙarshen sunan zuwa .zip za ka iya ciro rubutun daga word/document.xml.

A madadin tsohon, sa SSD mai SATA inci 2.5, 256 GB ko 512 GB. Yana shiga soket ɗin nan dai, kuma girgizar hanya ba ta dame shi. In na hannu ne, duba shi da CrystalDiskInfo a gaban mai sayarwa: shuɗi a karɓa, rawaya ko ja a bari, a kuma duba awannin da ya yi aiki. Ɗora Windows sabuwa, ba daga hoton mai ramuka ba. Abin da aka ceto ya zauna wuri biyu, muhimman takardu kuma a ƙara da Google Drive, wanda ke ba da 15 GB kyauta.

Riƙe hoto.img da taswira.map aƙalla wata guda, don sai an koma aiki ake tuna fayil ɗin da aka manta. Tsohon disik kada a yi masa format a mayar da shi ma'ajiya ko a sayar, ko da ya nuna kamar ya warke. In ka tabbata ka gama da shi, huda shi da injin huda ƙarfe wuri uku ta kan faifan kafin ka ba masu sayen tsohon ƙarfe. Faifan na kwamfutar hannu sau da yawa gilashi ne, saboda haka nannaɗe shi da tsumma ka kare idonka.